Baba Malam, Koyarwa Nake Yi ko Kiwon Maki?

Tambaya

Assalamu alaikum Baba Malam. Ya ƙarfin jiki? Ni malama ce, shekarata 11 ina koyarwa, 6 daga ciki a aji shida na firamare. Na daɗe ina karanta filin nan amma ban taɓa rubutowa ba sai yau, don tura ta kai bango.

A farkon zangon nan shugaban makarantarmu ya tara mu a ofis, ya miƙa wa kowa jerin sunayen 'yan ajinsa. An shafa wa sunayen kala uku. Kore su ne waɗanda za su ci jarrabawar ƙarshen shekara ko an bar su su kaɗai. Ja su ne waɗanda, in ji shi, "ko kwana za a yi ana yi ba za su haye ba." Rawaya kuma na tsakiya, waɗanda maki kaɗan ya rage musu. Ya ce duk ƙarfinmu mu zuba a kan 'yan rawaya, don da su ne alƙaluman makaranta za su ɗaga. A ajina yara 52 ne: kore 14, rawaya 17, ja 21. Ba na ganin laifinsa sosai, shi ma daga sama aka matso shi. An ce makarantar da sakamakonta bai ƙaru ba za a sauya shugabanta, mu kuma ƙarin girmanmu ya rataya a kan makin ɗalibai.

An cire zane daga jadawali, an cire lokacin karanta labari, tarihi da kimiyya sun koma sau ɗaya a mako. Abin da ya rage shi ne tambayoyin baya da canki-canka, A, B, C, D, safe da rana. A shekarun nan 11 sau uku ana sauya mana manhaja. Kowane sauyi da bitarsa ta kwana biyu da sabbin takardun cikewa, kuma ba wanda ya taɓa leƙowa ya ce, malamai, ya kuka ga na baya?

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, makon jiya wata yarinya cikin 'yan ja, wadda ko magana ba ta cika yi ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, me ya sa in ina tafiya da dare wata yake bina?" Sai kawai na ji bakina ya ce, "Ba ya cikin jarrabawa, sauke hannunki." Ta sauke. Har yau ba ta sake ɗagawa ba.

Baba, in ajiye aikin ne? Ko in rufe ido in bi umarni? Wata abokiyar aikina ta ce in daina wahalar da kaina, ranar jarrabawa a ɗan "taimaka" wa yara kowa ya huta.

Malamar aji shida

Amsa

Wa'alaikumus salam, 'yata. Jiki da sauƙi, sai dai gwiwa da ke yawan tuna mini shekarun tsayuwa gaban allo.

Bari mu fara da yarinyar, sauran maganar za ta iya jira. Gobe kafin ki buɗe rajista ki ce mata kin yi kuskure, tambayarta mai kyau ce. Sannan ki fita da ita bakin ƙofa, ki sa ta dubi wani abu na kusa, ko bishiya ko turke, da wani abu can nesa, ta yi taku goma. Na kusa zai koma bayanta, na nesa zai tsaya kusan inda yake. Ki ce mata tsakaninmu da wata akwai kimanin kilomita 384,000, don haka duk tafiyar da za ta yi a daren ba ta isa ta gusar da shi daga inda take hango shi ba. Gidaje da itatuwa ke wucewa, shi yana nan, sai ido ya ɗauka biyo ta yake. Minti biyar ya ishe ku. In da hali ki yi a gaban 'yan ajin, domin su ma sun ji abin da kika faɗa mata ranar, kuma yara ba sa mance irin wannan.

Da na iso wurin kala ukun nan a wasiƙarki sai da na cire tabarau na yi shiru, don takardar na san ta. A zamaninmu ba a shafa kala, ɗigo ake sa wa da jan biro a gefen suna. Kada ki ɗauka shugabanku ne ya ƙirƙiro dabarar. Masu bincike a Ingila da Amurka sun yi rubutu a kanta tun farkon shekarun 2000: duk inda aka ce za a auna makaranta da yawan yaran da suka tsallake wani layi, malamai za su yi dandazo a kan yaran da ke bakin layin. Lissafin ba wuya. Yaron da ya tashi daga maki 15 zuwa 35 ya yi tafiya mai nisa, amma a takardar ofis sifili ne tunda layin yana 40. Wanda ya matsa daga 38 zuwa 41 shi ne ake kira ci gaba. Shugabanku ya karanci kiɗan da ake yi ne ya gyara rawarsa.

Abin kuwa ya girmi kakanninmu. A 1862 gwamnatin Ingila ta fito da tsarin biya gwargwadon sakamako. Wani ɗan siyasa, Robert Lowe, shi ya tsaya masa a majalisa, har ya ce in tsarin bai zo da araha ba zai zo da inganci, in bai zo da inganci ba zai zo da araha. Makaranta na iya samun sule 12 a shekara a kan kowane yaro: sule 4 don halarta, sule 8 in ya ci karatu da rubutu da lissafi a gaban sufeto. Duk darasin da ya faɗi a zaftare sule 2 da kwabo 8. Albashin malamai da yawa a kan wannan kuɗin ya dogara. Me kike zato ya biyo baya? Hadda. Yara suka haddace littafin da sufeto zai buɗe musu. Matthew Arnold, wani marubucin waƙoƙi da ya yi shekara 35 yana aikin duba makarantu, ya rubuta a rahotonsa cewa da wayon shiri ana iya tsallakar da yaro jarrabawar karatu da rubutu da lissafi alhali bai iya ko ɗaya a cikinsu da gaske ba. Sai a shekarun 1890 aka binne tsarin, bayan ya ci fiye da shekara 30.

Da an bar shi a kabarinsa da sauƙi. Ranar 8 ga Janairun 2002 Shugaba George W. Bush na Amurka ya sa hannu a wata doka mai daɗin suna, wai kada a bar yaro ko ɗaya a baya. Dokar ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, da sau ɗaya a babbar sakandare, ta kuma ɗiba wa'adi: zuwa 2014 dukkan yara, ɗari bisa ɗari, su kai matakin ƙwarewa. Duk wanda ya taɓa riƙe alli na mako guda ya san wannan mafarki ne, amma masu rubuta dokar ba su za su shiga aji ba. Makarantar da ta kasa cika mizani shekara biyu a jere, a ba ɗalibanta damar sauya wuri. In ta ci gaba da kasawa ana iya sauya malamanta da shugabanta, ko a miƙa ta hannun wasu. Zuwa 2011 kusan rabin makarantun gwamnati na ƙasar sun faɗa jerin masu kasawa. Wani bincike na 2007 ya gano gundumomin ilimi 44 cikin 100 sun rage lokacin darussa irin su tarihi da kimiyya da zane da kiɗa a firamare, don a ƙara wa darussa biyun da ake aunawa. Kin ga jadawalinki yana da 'yan'uwa.

A 2009 gwamnatin Obama ta ware dala biliyan 4.35 ta ce jihohi su yi gasar neman rabonsu, kuma cikin abin da ke ɗaga jiha a gasar har da ɗaura kimar malami a kan makin ɗalibansa. A Fulorida sai da malamai suka shiga kotu a 2013. Cikinsu akwai malamar aji ɗaya da aka auna da makin 'yan aji huɗu da biyar na wata makarantar daban, yaran da ba su zauna a ajinta a shekarar ba. Alƙali ya yarda tsarin ba adalci a cikinsa, amma ya ce bai saɓa wa tsarin mulki ba. A 2014 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa cewa a mafi yawan binciken da aka yi, bambancin wannan malami da wancan yana bayyana kashi 1 zuwa 14 cikin 100 ne kawai na bambancin makin yara. Sauran fa? Gidan da yaro ya fito, lafiyarsa, kwanakin da ya yi fashi, malaman da ya ratso ta hannunsu kafin ya iso gare ki, yawan 'yan ajin. Ba ina cewa malami ba shi da tasiri ba, ni da na ba aikin rayuwata. Ina cewa ne makin shekara ɗaya bai isa ya zama alƙalin mutum ba.

To, ga maganar abokiyar aikinki. Ki ba ta labarin birnin Atlanta na Amurka. Makin yaran birnin ya yi ta hauhawa har aka ba shugabar makarantun gundumar lambar yabo ta ƙasa a 2009. Sai 'yan jarida suka zauna da alƙaluman, suka ga hawan ya fi ƙarfin hankali. Aka ƙirga wuraren da aka goge amsa a takardun, aka tarar gogewa daga kuskure zuwa daidai ta yi yawan da ba zai yiwu a ce hannun yara ne ba. Rahoton masu binciken jiha na 2011 ya ambaci malamai da shugabanni 178 a makarantu 44. An samu waɗanda ke kulle kansu a ɗaki da magogi da fensir suna gyara amsoshi. A Afrilun 2015 kotu ta samu 11 da laifi, ƙarƙashin dokar da aka tanada don gungun masu manyan laifuka, wasu suka tafi gidan yari. Yaran kuwa, waɗanda takarda ta ce sun iya, an wuce da su gaba ba tare da taimakon da ya kamata su samu ba.

Ni ma na ga irinsa da idona, ko da yake ƙarami. Na yi shekaru ina makin takardun jarrabawar waje. Wata rana na kwance ƙunshi daga wata cibiya, takarda arba'in da 'yan kai. Tambaya ta uku, a bayyana yadda ruwan sama ke samuwa. Takarda ta farko ta amsa da jimla huɗu tsaf, sai dai a jimla ta biyu an juya haruffa biyu a wata kalma. Na ba da maki na wuce. Takarda ta biyu, jimla huɗun nan, kalmar nan a juye. Ta goma haka, ta talatin haka. Wani ne ya rubuta a allo, hannunsa ya goce, yara suka kwashe har da gocewar. Guda ɗaya ce tal ta bambanta: rubutu karkatacce, jimla biyu, rabi daidai rabi kame-kame. Ko inda ya zauna ba a hango allo, ko ƙin kwafa ya yi, Allah masani. Shi ya fi kowa ƙarancin maki a tambayar, kuma a duk ƙunshin shi kaɗai na san abin da ke kansa. Na kai rahoto kamar yadda ƙa'ida ta ce. Aka riƙe sakamakon cibiyar baki ɗaya, har da nasa.

Kada ki ɗauka wankakke ne ke miki magana. Shekarar da aka ɗora mini kula da 'yan ajin ƙarshe, akwai yara biyu da na san in suka zauna za su ja alƙaluman makaranta ƙasa. Na kira mahaifin ɗaya na ce masa yaron bai gama nuna ba, ya bari sai baɗi. Rabin maganar gaskiya ce, ɗaya rabin kuwa ni nake kare wa fuska. Dattijon ya yi mini godiya har da riƙe hannuna. Baɗin ta zo, yaron bai dawo ba, ban kuma sake jin ɗuriyarsa ba. A shekarar aka aiko mana da takardar yabo. Tawa tana ƙasan akwati, ban taɓa sa mata gilashi ba.

Wani masanin Amurka, Donald Campbell, ya tsara abin nan a shekarun 1970. Ya ce duk ma'aunin da aka ɗora wa nauyin yanke wa mutane hukunci zai fara gurɓata, ya kuma gurɓata abin da aka ce ya auna. Ya kawo jarrabawa misali: tana da amfani muddin ana koyarwa yadda aka saba, amma ranar da makin ya zama shi ne abin nema, ta daina faɗin gaskiya. Ki ɗauka an ce za a biya ma'aikaciyar jinya gwargwadon abin da ma'aunin zafin jiki ya nuna. Ba da jimawa ba za ki ga ana tsoma ma'aunin a ruwan sanyi, mara lafiya na kwance da zazzaɓinsa.

Yanzu me za ki yi ranar Litinin? Kada ki shiga ofishin shugaba da maganar tausayin yara, ya riga ya sani, kuma ba shi zai cece shi daga na sama ba. Ki yi masa magana da yaren da aka tilasta masa, wato maki. A 1988 wasu masu bincike biyu, Donna Recht da Lauren Leslie, sun ba yaran ƙaramar sakandare wani rubutu a kan besbol, wasan da ake buga ƙwallo da sanda. Yaran da ake ɗauka raunana a karatu amma sun san wasan, sun fahimci rubutun fiye da gwanayen karatun da ba su san shi ba. Sakin layin da zai fito wa 'yan ajinki a jarrabawa dole a kan wani abu zai yi magana, ko kogi, ko ƙwari, ko wata tsohuwar daula, ko yadda jirgi ke tashi. Wanda ya yanke tarihi da kimiyya don ya ƙara makin karatu, reshen da yake zaune a kai yake sara. Ki nemi a dawo miki da darasi biyu a mako, ki ce masa don makin kike nema. Ba ƙarya kika yi ba.

Tambayoyin bayan ma ba sai kin jefar da su ba. In yaro ya ce B, kada ki ce "daidai" ki wuce. Ki ce, me ya hana ta zama C? Wa ya zaɓi D, me ya ja ka? Tambaya biyar da aka tsattsage haka sun fi hamsin da aka yi wa canki-canka, kuma wanda ya leƙo ta taga zai ga dai tambayoyin baya kike yi. Sannan ki riƙa yi musu ɗan gwaji na minti biyar, littafi a rufe, su rubuta abin da suka tuna daga darasin shekaranjiya da kalmominsu, ba maki, ba rajista. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna ɗaliban da suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi masu maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Gwaji irin wannan abokin malami ne tun fil azal.

Sai 'yan ja ɗinki 21. Ba zan yaudare ki in ce za ki iya ba su abin da suka cancanta a aji mai mutum 52 ba. Amma minti 15 a rana ba wanda zai ƙwace miki. Ki haɗa kowane biyu da ɗan kore ɗaya, su ma koren zaman gundura suke tunda an ce a bar su. Ki sami ɗan littafi naki na kanki, ki riƙa rubuta kwanan wata da yawan kalmomin da kowane yaro ya karanta daidai cikin minti ɗaya, sau ɗaya a wata. Ranar da takardar ofis ta ce yarinyar nan mai tambayar wata sifili ce, littafinki zai nuna ta tashi daga kalma 12 zuwa 40. Za ki buƙaci wannan shaidar, ko don sufeto, ko don iyayenta, ko don kanki a daren da zuciya ta karye.

Batun sauya manhaja sau uku ba zan ja shi ba, don hawan jinina. Mai kawo gyara yana da shekara uku ko huɗu a kujera, yana son abin da zai nuna kafin ya sauka. Yaro kuwa shekara 12 yake ɗauka daga aji ɗaya zuwa ƙarshen sakandare. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma ba a cika gayyatar sa taron gyaran rufi ba. Inda malamai suka samu aka saurare su, tare suka tashi. A Janairun 2013 malaman makarantar Garfield da ke birnin Seattle na Amurka suka haɗa baki suka ƙi gudanar da wata jarrabawa guda, suka kawo dalilansu a rubuce, ciki har da cewa ba ta dace da abin da suke koyarwa ba. Iyaye da ɗalibai suka mara musu baya, kafin ƙarshen shekarar karatun aka ce manyan sakandare ba dole su yi ta ba. A 2015 kimanin yaro 1 cikin 5 a jihar New York iyayensu suka hana su zama jarrabawar jiha. A Disambar shekarar aka maye gurbin dokar Bush da wata, wadda ta bar jarrabawar shekara-shekara amma ta mayar wa jihohi ikon yanke abin da za a yi da sakamakon. Ki lura ba mutum ɗaya ya yi ba. Ke kaɗai in kika tsaya a ofis kika ce ba za ki yi ba, takardar sauyin wurin aiki za ki gani. Ku nemi junanku, ku rubuta takamaiman abu ɗaya ko biyu da kuke so a gyara, ku bi ta ƙungiyarku da taron iyaye.

Ajiye aiki kuwa, ba zan ce miki laifi ba ne, na san malaman kirki da suka tafi kuma ban zarge su ba. Sai dai kada ki yanke shawarar a tsakiyar zangon jarrabawa, ki bari a yi dogon hutu ki yi barci tukuna. Wuri ɗaya ne zan ce kada ki jira hutu: ranar da aka miƙo miki magogi, ko aka ce ki rubuta amsa a allo.

Tambaya

Baba Malam, barka da aiki. Ni uba ne, kuma ka yi haƙuri, duk lokacin da na ji malamai na kuka da jarrabawa sai in ga tsoron awo ne kawai. Ɗana ya kai aji huɗu, kowane zango katin sakamakonsa na cewa ya zo na uku ko na huɗu, malamai na rubuta "yana ƙoƙari." Sai da aka yi musu wata jarrabawa daga waje muka gano ba ya iya karanta sakin layi ɗaya ya faɗi abin da ke ciki. Shekara huɗu ba wanda ya gaya mini. In ba don jarrabawar ba da har yanzu ina cikin duhu. Wa zai auna malamai in an ce kada a auna su?

Wani uba

Amsa

Malam, ba sai ka ba ni haƙuri ba. Gaskiyarka ta fi yadda abokan aikina za su so in amsa a bainar jama'a, shi ya sa na ajiye wasiƙarka kusa da ta malamar nan.

"Yana ƙoƙari" na daga cikin kalmomin da muka fi ɓuya a bayansu. Na uku a aji ba ya nufin komai in ajin gaba ɗaya a baya yake. Malamin da ya koyar, ya tsara tambaya, ya yi maki, ya kuma rubuta rahoto, ya zama mai ƙara kuma alƙali, dole a samu wani ido daga waje. Ko dokar Amurkan da na gama suka a sama tana da alheri guda da ba a musu: ta tilasta wa makarantu su fitar da sakamakon 'ya'yan talakawa daban, na masu naƙasa daban, na masu koyon Turanci daban, na kowane launin fata daban. Makarantun da ke taƙama da matsakaicin maki mai kyau sai ga shi an ga waɗanda aka lulluɓe a ƙarƙashinsa. Jarrabawar bai-ɗaya ma asalinta ƙofa ce. A ƙasar Sin an yi kimanin shekara 1,300 ana ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawa kafin a soke ta a 1905, kuma duk da cewa masu hali sun fi samun damar shiri, ta buɗe hanyar da gado kaɗai ba zai buɗe ba.

Inda muka rabu da kai shi ne a kan abin da za a yi da lambar bayan ta fito. Jarrabawar da ta tona matsalar ɗanka ta yi aikinta ne saboda ba wanda ya shirya mata, ba wanda albashinsa ke kanta. Ka ɗaura ƙarin girman malaminsa a kanta shekara uku, ka dawo ka gani: makin zai hau, kai kuma ka koma duhun da ka fito. A Finland ba a yi wa 'yan firamare jarrabawar ƙasa da ake jera makarantu a kanta. Samfurin makarantu ake ɗiba a gwada don hukuma ta san inda aka kwana, babbar jarrabawa sai ƙarshen sakandare, kuma sai da digiri na biyu ake zama malami. Ba aljanna ba ce, makinsu a gwajin PISA na ƙasa da ƙasa ya yi ta sauka tun bayan 2006, kuma su ma suna ta muhawara a kai. Singafo, wadda ba wanda zai zarga da sakaci, ta cire jarrabawa daga aji ɗaya da biyu na firamare a 2019, amma ta riƙe ta ƙarshen firamare da ƙarfinta.

Malami a auna shi, na yarda. A shiga ajinsa ba sanarwa, a buɗe littattafan yara daga farkon zango zuwa ƙarshe, a ɗauki yara biyar da ka a sa su karanta, a dubi maki na shekaru da yawa tare da sanin inda yaran suka faro. Ya fi tsada, ya fi cin lokaci, shi ya sa ofisoshi suka fi son lamba ɗaya.

Game da ɗanka, aji huɗu bai makara ba. Ka je makarantar ka nemi ganin takardar amsarsa, ba makin kawai ba. Ka zauna da malaminsa ku gano ko haɗa haruffa ne ke ba shi wuya, ko yana furta kalmomin ne ma'anar ke kuɓuce masa, don maganinsu daban-daban ne. Ka kuma kai shi a duba idonsa da kunnensa. A gida, minti goma kowane dare, ya karanta maka da ƙarfi daga littafin da ya fi ajinsa sauƙi, in ya gama shafi ka rufe littafin ka ce ya ba ka labarin. Bayan wata uku ka rubuto mini yadda ake ciki.